Akwatin da Malam Ummaru Ya Ɗauko

Shaguna biyu gare ni na buga takardu, ɗaya a Bodinga, ɗaya a Shagari. Bara Abdulaziz mai gyaran kwamfuta ya dame ni har na yarda ya mayar da aikinmu duka cikin wata babbar na'ura a Sakkwato. Akwatunan kwamfutar da ke shagunan sai suka zama tagogi kawai: ka sa sunanka da lambar sirri a kowace kwamfuta, teburin aikinka ya fito yadda ka bar shi. Na yi ta gunaguni, don ni ban son abin da ba na iya taɓawa da hannu.

Hafsat ce ke buga mana aiki a Shagari, kuma ita kaɗai ke iya karanta ajamin Malam Ummaru, wanda rubutunsa kamar sawun kaji yake. Waƙoƙin noma ne da ya shekara talatin yana tarawa. Idonsa kullum ƙara dushewa yake yi, burinsa ɗaya shi ne ya karanta su a buge kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Saura shafi ashirin haihuwa ta zo wa Hafsat, aka kai ta gidan iyayenta a Bodinga. Mahaifiyarta kuwa ta rantse ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba sai an yi arba'in.

Malam bai shawarci kowa ba. Ran Talata ya je shagon Shagari ba na nan, ya sa aka cire masa akwatin Hafsat, ya naɗe shi da rawaninsa, ya hau bayan babur don ya kai mata shi Bodinga. An ce ko'ina suka ga rami sai ya sauka ya taka da ƙafa, kada aikin ya girgiza. Da labarin ya iso ni raina ya ɓaci, na bi shi gidan su Hafsat da niyyar faɗa.

Na tarar da shi a tsakar gida, kai ba rawani, akwati a ƙirji, ya yi tsaye. Hafsat na zaune a tabarma, jaririya a gefenta, tsohuwar kwamfutar cinya ta wanta a gabanta. Tun bayan suna take satar aiki idan tsohuwa ta shiga madafa, har ta ci shafi goma sha uku.

Malam ya dube ni ya ce, "Mode, to ni mi niɗ ɗauko?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ƙarhe ne. Waƙoƙin sun riga ka isowa."

Ya yi dariya har da tari, faɗan da na zo da shi ya bi ruwa. Ya aje akwatin, ya durƙusa kusa da allon ya ƙura ido, sai ya girgiza kai. Baƙaƙen sun yi masa ƙanana.

Hafsat ta ce, "Dakata, Baba." Ta yi ta ƙara girman baƙaƙen har baiti ɗaya ya cika allon.

Ya matso, hancinsa kusan taɓa gilashi. Leɓɓansa suka fara motsi, sannan murya ta fito, ya rera baitin tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗaga yatsa ya nuna wuri guda.

"Ɗiyata, nan kin bar ɗigo guda."