Rigar Liman a Filin Ƙwallo

Da Malam Ubaidullahi ya rasu, babu wanda ya yi tantama a kan wanda zai gaje shi a limancin masallacin Juma'a. Ɗansa Abdurrahim ya dawo daga Sudan da karatu, ga murya, ga furfura ta fara leƙowa a gemu. Abin da ya rage kawai dattawa su zauna su sa albarka.

Baffansa, Malam Gaji, shi ya ɗauki nauyin gyara shi. Ya ce masa mutanen nan ba takardar Sudan za su duba ba, tafiyarsa za su duba. Kada ya yi sauri a hanya, kada ya ci tsire a tsaye, kada a jiyo dariyarsa daga waje. Sannan ya ɗauko farar babbar rigar da marigayi yake huɗuba da ita, ya ce ya riƙa sawa, idon jama'a ya saba.

Ranar Laraba bayan la'asar, yana dawowa daga ta'aziyya a Ringim, mota ta sauke shi a bakin titi, ya yanke ta bayan makarantar sakandare. Akwai tsohon filin siminti a wurin, wanda bai taɓa ganin komai a kansa ba sai shanyar tattasai. Ran nan an share rabinsa. Wasu ƴan hidimar ƙasa sun ɗaura zobe a jikin ɗaya daga cikin tsofaffin ƙarafa biyu da ke tsaye a filin, suna buga ƙwallon kwando.

Ƙwallon ta ƙwace musu, ta gangaro har gabansa.

"Malam, a taimaka a cillo mana," in ji wani dogo a cikinsu, Haisam.

Rabon Abdurrahim da taɓa irinta tun yana makarantar kwana a Jos. Niyyarsa ya mirgina musu ita a ƙasa, ya wuce. Amma yatsunsa na jin kaushin robar, gwiwarsa ta lanƙwashe da kanta, hannu ya tashi. Ƙwallon ta faɗa tsakiyar zoben, ko gefensa ba ta taɓa ba.

Samarin suka juyo suna kallonsa. Shi kansa ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro.

Haisam ya ce ai sa'a ce, in Malam ya isa ya sake. Ya sake, hannun riga ya harɗe shi, ya kuskure. Haushin da ya ji ya ba shi mamaki. Ya tuɓe rigar, ya rasa inda zai ajiye ta, ko'ina ƙurar tattasai. Don girmama ta, sai ya rataye ta a ƙarfen ɗaya ɓangaren, ya ɗora rawaninsa a kai.

Daga nan bai san inda lokaci ya tafi ba. Ya yi gudu, ya yi haki, ya ture Haisam da kafaɗa, aka ture shi ya faɗi da gwiwa. Yana zaune a ƙasa yana ƙyaƙyata dariya sai ya ji salati daga bakin titi.

Dattawan masallaci ne, su ma daga ta'aziyyar suke. Alhaji Falalu, babbansu, ya hango rigar tsaye da rawani, iska na kaɗa ta, ya ɗauka marigayi ne. Sai da aka riƙe shi. Suka matso suka ga abin da ke nan. Suka dubi rigar, suka dubi ɗan mai rigar a ƙasa cikin singileti, gwiwa na jini, suka juya.

Washegari Malam Gaji ya zo, ko gaisuwa bai amsa ba. Ya ce ya sha wuya kafin dattawa su yarda da hanya ɗaya: Abdurrahim ya je ya durƙusa ya nemi gafara, kuma ya rantse a gabansu ba zai ƙara taɓa ƙwallo ba.

Abdurrahim ya ce gafara kam zai nema, ya tsorata tsoho, bai kyauta ba. Ya buɗe baki zai ce zai rantse, maganar ta ƙi fitowa.

"Baffa, in na rantse, kaffara zan yi."

"Me ka ce?"

"Na san zan koma."

Malam Gaji ya zuba masa ido baki buɗe. Ya tambaye shi ko ya san shekarunsa, ko ya san ɗan waye shi. Abdurrahim ya ce ya sani. Tsohon ya tashi ya fita, har ya manta takalminsa ɗaya a ƙofar zaure.

Ranar Juma'a Malam Misbahu, na'ibin marigayi, ya hau mumbari. Abdurrahim ya yi salla a sahu na uku. Da aka je sujada gwiwar ta yi masa tsami, ya cije leɓe, ya bi liman.