Wushiryar Abdulwahid

"Wai a kan ƙanƙarar kuke gudu? Irin wadda muke jefawa a zoɓo?"

"Ita fa, Yaya. Amma na daina wasan. Yanzu ni ne daraktan ƙungiyar, ni ke ɗaukar 'yan wasa, ni ke sallamarsu."

Rahinatou ta yi dariya, ta dubi ƙanen nata. Tun fitowarsu daga Sokodé a motar da suka yi shata take satar kallon bakinsa. Yana ƙaramin yaro kawunsu ya tafi da shi Kanada, inda ya girma a kan takalmi mai wuƙa a ƙasa, da sanda a hannu, yana korar wani baƙin faifan roba. Wasan hoki ya ba shi suna, ya kuma karɓi ladansa a fuskarsa: hanci ya karye an ɗora, haƙoran gaba sun zube an sa na roba, farare, a jere kamar ƙwayar masara.

"Abdulwahid," ta ce bayan sun haye kogin Oti a Mango, "idon Mma ya tafi. Da hannu take gane mutane yanzu. Kullum zancenta wushiryarka, irin ta marigayi Baba."

Ya shafa haƙoransa da harshe.

A Dapaong suka iske tsohuwar a kan tabarma, gindin darbejiya. Ya durƙusa, gwiwarsa da ta sha wuƙar likita ta yi ƙara. Ya gaishe ta da Hausar da ya yi ta maimaitawa a jirgi, kalmomin suka fito a sandare.

Ta miƙo hannu. Yatsunta suka bi goshinsa, suka tsaya a kan hancin, suka gangaro. Ta ɗaga leɓensa kamar mai duba ragon layya, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana neman ƙofar da ta sani. Ba ƙofa.

"Rahinatou, ba wa baƙo ruwa."

"Mma, shi ne fa! Autanki ne!"

"Kul! Na haifi ɗa, na san bakin da ya sha nonona."

Hawaye ya cika masa ido. Ya sa yatsa ya zare haƙoran, ya mayar da hannunta kan dasashinsa. Ta taɓa, ta janye da sauri.

"Wayyo, bawan Allah, ashe tsoho ne kamata. Sannu, Malam. Ba nan ba ne gidan da kake nema."

Muryar mai taushi ce, ba fushi a cikinta. Ya san irinta sarai. Da ita yake zaunar da samari a ofishinsa, ya zuba musu shayi, ya ce musu babu gurbinsu a bana.

Wayarsa ta yi ta rawa a aljihu. Mai ƙungiyar ne, kakar wasa ta ƙarato. Ya bar ta har ta gaji.

"Daga can ƙasar sanyin kake?" tsohuwar ta tambaya. "Ka taɓa ganin yarona? Yana cin abinci?"

Rahinatou ta rufe fuska da mayafi. Abdulwahid ya dubi haƙoran da ke tafinsa, ya jefa su aljihu, ya gyara zama a gefen tabarmar.

"Na san shi, Mma, abokina ne," ya ce. "Yaya, ki sallami direba. Ba zan koma ba. Zan zauna in riƙa ba ta labarinsa."