Ƙofar Jirgin Merv

Ƙanena Merv manomin tuffa ne, kuma ko a tuffar ma ba wani gwani ba ne. Amma wata shekara ya tashi ya ce shi jirgin ruwa zai ƙera, mai filafili, a cikin rumfar da muke tara 'ya'yan itace. Mutanen garinmu Franklin suka yi ta zuwa suna leƙawa, su ci dariya su koma gida. Ya kuwa ƙera abinsa, rabi da katakon kirki, rabi da akwatunan tuffa. Jirgin ya fito kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ka saki sandar tuƙi sai ya karkata hagu kamar wanda ya hango gidan giya. Ƙofar ɗakinsa kuwa ba ta buɗuwa sai ka shure ta a ƙasa ta gefen hagu, sannan ka ɗaga. Haka ya yi ta yawo da shi a kogin Huon tare da 'yarsa Narelle, ita tana kwashe ruwa da gwangwani, shi yana zagin iska.

Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya sayar da jirgin. Daga baya shi ma ya tafi, Allah ya jiƙansa, bai bar wa yarinyar komai ba sai hancinsa da taurin kansa.

Narelle ta girma ta zama likitar haƙori a birnin Hobart. Ba ta taɓa mallakar ko kwalekwalen roba ba. Rannan ina tsakar ba kaji abinci sai ga wayarta.

"Gwaggo Beryl, na samo shi!"

"Wa? Miji?"

"Haba Gwaggo! Jirgin Baba. Yana kwance cikin laka a bayan gidan wani mutum. Na saya."

"To, Allah ya ba ki lafiya," na ce. Amma da na ajiye wayar sai da na share ido, don na san ba jirgi yarinyar nan take nema ba, ubanta take nema.

Aka jawo shi zuwa filin Lindsay, mai gyaran jiragen katako a bakin kogi. Lindsay ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce katako kaɗan za a canza a ƙasa, a toshe kafofi, a shafa fenti, shi ke nan. Da ma an tsaya a nan! Amma kun san likitan haƙori. Narelle ta zaro wani ɗan tsinken ƙarfe daga aljihu ta soka a jikin jirgin, ya shige kamar cikin burodi. Ta matsa gaba ta sake sokawa. Na ga idonta ya yi wani haske, irin wanda nake gani in ta kwantar da ni a kujerarta ta ce in buɗe baki.

Tun daga nan, kowace Asabar tana filin, da tsohon wando da tsinkenta. Ta koyi zarto, ta koyi ƙusa, hannayen da ke taɓa bakin manyan mutane suka yi kanta. A wannan kam na yaba mata. Duk katakon da ta soka ya yi laushi, sai a ɓamɓare shi a sa sabo. In an sa sabo miƙaƙƙe, sai na kusa da shi ya fito da karkatarsa fili, shi ma a cire.

Ni kuma ina zuwa da tsohuwar motata in kawo musu shayi da kek, in kwashe abin da aka jefar. Ni ba na zubar da komai, duk garin an san ni da wannan. Ga shi kuma iska ta rushe mini akurki a lokacin sanyin nan. Katako ne dai, ko ya ruɓe kaji ba su da ƙorafi.

Sau ɗaya na yi magana. Ran da na ga an zare sandar tuƙin, wadda tafin hannun Merv ya goge har ta yi santsi, na ce, "Ke Narelle, a bar wa bawan Allahn nan wani abu mana."

"Gwaggo, ta tsage. In ta karye muna tsakiyar kogi fa? Ruɓa ba a barinta, yaɗuwa take."

Na dubi Lindsay. Ya ɗaga kafaɗa, bakinsa cike da kek ɗina. "Gaskiyarta, Beryl."

Gaskiyarta ɗin ce kuwa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba ta taɓa cire abu ba tare da dalili ba. Ƙofar ce ta ƙarshe. Narelle ta tsaya a gabanta ta daɗe, sannan ta ce sabon bakin ƙofar a miƙe yake, tsohuwar ba za ta zauna ba. Na ɗora ta a bayan mota na tafi da ita.

Ran da za a saka jirgin a ruwa, rabin Franklin ya fito. Tabɗi! Fari fat, katakon saman yana walƙiya, filafili sabo ƙal. Tsofaffin da suka yi wa Merv dariya a rumfa, su ne a gaba suna shafa gefensa suna gyaɗa kai.

"Kai, Merv ya iya aiki! Dubi ƙirar nan. Yanzu ina ake samun irin hannun nan?"

Na buɗe baki, na tuna ranar yarinyar ce, na rufe.

Mu uku muka shiga, ni da ita da Lindsay. Iska ta cika filafili, jirgi ya yanki ruwa ya miƙe sak. Ko ɗigo bai shigo ba. Narelle sai murmushi take, har ta juyo ta ce, "Gwaggo, kalli wannan," ta saki sandar tuƙi tana jiran ya karkata hagu mu yi dariya. Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba a yi komai ba. Ta jira. Bai karkata ba. Ta mayar da hannu a hankali.

Can sai ta ce bari ta ɗauko mana shayi a ɗaki. Ta miƙa wa Lindsay tuƙi, ta isa ƙofa, ƙafarta ta kai shuri a ƙasa ta hagu. Sabuwar ƙofa, wadda ko da ɗan yatsa buɗewa take, ta wangale gaba ɗaya, Narelle ta bi ta ta faɗa ciki tim da zama. Lindsay ya fashe da dariya. Ni ma na fara, sai na leƙa na ga fuskarta.

Tana zaune a ƙasa tana duban bango, tana duban rufi, tana shaƙar warin sabon fenti.

"Gwaggo," ta ce, "wanne ne nasa a nan?"

Lindsay ya yi gyaran murya ya ce ai tsayin jirgin da faɗinsa duk na Merv ne, kusan. Wallahi da ina da ƙarfi da na tura shi kogi.

Muka koma bakin ruwa aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Ita ta mai da ni gida da yamma. Da muka isa na ce ta taimaka ta kwaso mini ƙwai. Kada ku ɗauka wata hikima ce, gwiwata ce ta kumbura saboda zaman jirgi. Sai da ta zagaya bayan gida na tuna ba ta taɓa ganin sabon akurkin ba. Na ɗingisa na bi ta.

Na same ta a gaban ƙofar, kwando a hannu, hankalinta a wani wuri. Ta ja mariƙin, ƙofa ta ƙi. Ba ta ko duba ba, ƙafarta ta shura a ƙasa ta hagu, hannunta ya ɗaga, ƙofa ta yi ƙarar nan tata ta buɗe.

Sai ta daskare.

Ga shuɗin fentin Merv a bango, mai ɓarewa. Ga katakon akwatin tuffa, har da tambarin gonarmu a jiki. Jar kazata tana kwance kan ƙwai a cikin akwatin da Merv yake ajiye gwangwanayen kifi, wasu biyu kuma suna tsaye a kan sandar tuƙi, don ita na gitta musu. Akurkin ma kansa kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa ya fito, ba laifina ba ne, haka katakon ya so.

Narelle ta shiga ta zauna a ƙasa, cikin kashin kaji, da farin wandon da ta saya don bikin. Ta kama ƙarshen sandar, inda ya yi santsi, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ran jana'iza. Tausayinta ya kama ni, na zauna a kan bokiti na taya ta. Kajin suna ta kallonmu da ido ɗaya.

Da ta gaji, ta jingina da bango. Babban yatsanta ya sauka a kan wani katako na ƙasa, ya nutse.

"Wannan ya ruɓe, Gwaggo."

"Ya ruɓe," na ce.

Hannunta ya tafi aljihu, inda tsinken yake zama. Na zuba mata ido. Ya daɗe a can, sannan ya fito babu komai.

"Bar shi," ta ce.