Shanyar Yaya Asma'u

Malam Isah, mijina, ba ya shan zuma. Kakinta kawai yake so. Tun da ya yi ritaya daga koyar da zane a sakandare, babu safiyar da ƙamshin kaki ba ya tashi daga gidanmu na Funtuwa, har maƙwabta suka fara zargin alewa nake yi ina sayarwa a ɓoye.

Tsarinsa ba ya canzawa. Yana dawowa daga sallar asuba zai hura gawayi a kurfoti, ya jera gwangwanayen madara biyar a kan wani tsohon faranti, ya gutsura kaki a kowanne. Wannan ya zuba masa jar ƙasar da ya daka ya tankaɗe, wancan shuni, wancan gangamau, wancan baƙin tukunya, na biyar ya bar shi yadda Allah ya yi shi. Idan sun narke sai ya tsoma buroshi ya shafa a katako da sauri-sauri, don kaki yana barin wuta yake daskarewa. Daga nan ya ɗauko dutsen guga, nawa fa, wanda aka kawo ni da shi, ya riƙe shi sama-sama da katakon har launukan su kama juna. Hantsi na ɗagawa zai lulluɓe aikin da zani ya tura shi ƙuryar ɗaki, don a cewarsa sana'arsa ba ta da maƙiyi kamar rana. Rariyata ta tafi a wannan hidima, haka cokulana uku, da wuƙar da nake yanka albasa.

Duk wannan na yafe. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya zane guda ɗaya ne.

Malam yana da yaya a Maska, Yaya Asma'u, ita ta goye shi ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gidan da aka haife su ya daɗe da rushewa, masara ake nomawa a wurin yanzu. Shekara uku da suka wuce ta ce masa, "Isah, tunda kai mai zane ne, zana mini gidanmu in riƙa kallo." A lokacin idonta ya fara ba ta matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Duk zuwan da za mu yi sai mu tarar ganin ya ƙara ja baya.

Sau shida Malam yana gama gidan nan. Zaure, rumbu uku, kuka, ɗakuna, rijiya, komai tsaf. Sai ya jingina shi ya yi kwana biyu yana harararsa, ya ce, "Ba shi ba ne." Ya ɗauko wuƙata ya kankare shi tas, ya mayar da gidan ubansa cikin gwangwani. Sharrin kaki ke nan, yana ba mutum damar fasawa.

Na taɓa tambayarsa, "Malam, wai mene ne ba shi ba?"

"Ban sani ba, Maijidda. Wani abu ne bai zauna ba."

"To idon Yaya ma ai bai zauna yana jiranka ba."

Ya yi kamar bai ji ni ba, ya ci gaba da fifita wuta.

Na bakwai ya gama shi ranar wata Asabar cikin kaka. Ranar Lahadi da yamma na gan shi yana wasa wuƙa a kan dutse. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da safiyar Litinin ya ce zai je Tsiga wurin Manu, mai kiwon zuman da yake sayar masa da kaki, sai na ce, "Malam, ina so in leƙa Maska in gaida Yaya. Akwai 'yar tsarabar da zan kai mata."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi.

Ni dai na nemi izini, kuma an ba ni. Yana fita na naɗe zanen a bargo, na jingina wani katakon da babu komai a kansa a gurbinsa, na lulluɓe shi da zanin nan kamar kullum. Na tari ɗan acaɓa, na rungume gidan surukaina a ƙirji har Maska.

Ga wanda bai san Yaya Asma'u ba, ita duk abin da ya shigo gidanta sai ya sha rana. Kuɓewa, barkono, masara, katifa, har katin asibitinta sai da ta taɓa shanyawa wai ya yi sanyi-sanyi. Na same ta a tsakar gida tana juya barkono da ƙafa. Bayan mun gaisa na kwance bargon na ɗora mata katakon a cinya.

Ta kai shi kusa da fuska har yana taɓa hancinta. Ta matsa wajen haske, ta karkata kai. Ta daɗe.

"Ina ganin ja-ja, da wani shuɗi a sama," ta ce. "Amma yana da ƙamshi." Ta shafa shi da tafin hannu. "Da ɗan danshi kuma."

"Haka yake, Yaya," na ce, ina danne hawaye. Mun makara, abin da ke cikin raina ke nan. Ɗan acaɓa yana ta danna ham a waje, na yi sallama na fito da sauri.

Washegari bayan asuba Malam ya hura wutarsa, ya ɗauko wuƙa, ya yaye zani. Sai ga katako fayau, babu komai a kansa. Na fito da kaina na gaya masa inda tsarabar ta tafi. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, kumbura yake yi. Ya zauna a kan tabarma ya ƙi koko, ya ƙi ƙosai, ya ƙi kallona, har rana ta kusa tsaka. Can dai abin ya ci shi, ya ce da bango, ba da ni ba, "Me ta ce?"

"Ta ce yana da ƙamshi. Ta ce kuma da ɗan danshi."

Ya juyo a hankali. "Danshi? Maijidda, kin gaya mata kada ya ga rana?"

Wallahi sai a lokacin gabana ya faɗi.

Ban taɓa sanin tsohon babur ɗin Malam yana gudu haka ba. Ina bayansa ina salati, ga masara an baza a gefen titi hagu da dama tana shan rana, kowace shanya muka wuce sai ya ƙara murɗa mai.

Muna shiga gidan idona ya faɗa kan wani fallen kwano da aka shimfiɗa a tsakar gida. Barkono a gefe, kuɓewa a gefe, tsakiya kuma fili mai kusurwa huɗu, da ɗigon shuni yana ƙyalli. Yaya tana inuwar rumfa, katakon a cinyarta.

"Isah ne? Na ji tarin babur ɗinka," ta ce. "Wane irin fenti ne wannan marar tarbiyya? Na shanya shi tun hantsi, maimakon ya bushe sai ya ƙara jiƙewa."

Malam ya durƙusa a gabanta, har gaisuwa ya manta. A jikin zanen, sama ta zubo ta hau rufin zaure. Kuka ta karkace, katangar gabas ta saki jiki kamar man shanu a kan tuwo. Ni kuwa na laɓe bayan turmi, ina lissafin kwana nawa za a yi ana kumbura mini.

"Yaya, aikin wata huɗu ne," ya ce.

"Na sani, ai na zagaya shi jiya da yatsuna. Ga zaure, ga rumbunan Baba, ga ɗakin Inna. Duk ka yi daidai. Rijiya ce kawai ka kai bayan gida."

"Ai can take."

"Waccan ta baya ce. Bayan Inna ta rasu ka leƙa ta farkon ka kusa faɗawa, ni na cafko ƙafarka. Baba ya sa aka cike ta a ranar, aka haƙa wata nesa da kai. Rijiyar gidanmu tana ƙofar ɗakin Inna, a nan take zama tana yi mini kitso kana bayanta. Da na ji abin ya yi laushi sai na gyara maka."

Na fito daga bayan turmi na leƙa. Inda rijiyar Malam take an shafe shi sumul da tafin hannu. A ƙofar ɗakin kuwa ga wani rami zagayayye, babban yatsan Yaya ya nutse cikin kakin har katako, zanen fatarta ya fito layi-layi a gefensa.

Malam ya daɗe yana kallon ramin nan. Ya sa ɗan yatsansa a ciki, ya cire. Na ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, ni ma nawa suka zubo. Amma halina bai bar ni ba, na ce, "Malam, ko in koma Funtuwa in ɗauko wuƙar?"

Bai kula ni ba. Ya ce, "Yaya, bari in tafi da shi in gyara samar kawai."

Ta rungume katakon. "Samar waje ma ba ganinta nake yi ba. Bar mini kayana."

"To don Allah kada ki sake shanya shi."

"Ka taɓa ganin an shanya rijiya?"

Har muka iso gida a hankali yake tuƙi, ya kuma tsaya ya saya mini rake a hanya. Da asuba na ji shi yana fifita gawayi kamar kullum, ya ɗauko sabon katako. Da na shiga kicin na tarar da wuƙata an wanke ta fes, an ajiye kusa da albasa. Dutsen gugana dai har yau bai dawo ba.