Hodar Hannun Hagu

Duk wanda ya san Mai Gora ya san ba ya ga maciji da ƙanin matarsa, kuma a kan hannu ɗaya ake wannan gaba: hannun hagun Auta.

Mai Gora dai mai gyaran famfo ne yanzu, ga tumbi ga gwiwa mai ƙara, amma da samartaka ɗan tsalle da sanda ne, irin masu sheƙowa da gudu su kafa doguwar sanda a rami su haye karan da aka gitta a sama. Da gora ya koya, sandar da ba ta lanƙwasa ko sama da ƙasa za su haɗu. A zamaninsu, in ka zo kafa sanda sai ka zame hannun hagu sama ya tarar da na dama, ka rataya da su wuri guda. Abin da ya iya ke nan, shi ya ɗura wa autarsa a barandar gida da guntun bututun ruwa, har suka fasa ƙwan fitila. Kuma don hannun ya yi santsi, kullum sai ya barbaɗa mata hoda a tafin hagu kafin ta yi tsalle. Hodar uwar yarinyar ce yake sata a gaban madubi, har baiwar Allah ta fara bincikar aljihunsa tana neman wadda ake kai wa.

Shi kuwa ƙanin matar, shi ne kocin ƙungiyar da Auta ke ciki. Sandunan yanzu lanƙwasa suke yi kamar baka su cilla mutum sama. Koci ya ce hannun hagu ya zauna inda aka ajiye shi, ya tokare sandar sama, kada gwiwar hannu ta noƙe ta manne da ƙirji. Danƙo ma yake shafa wa yaransa a tafi don kada hannu ya motsa. Da rana kawu ya shafa danƙo, da yamma uba ya sa a wanke ya zuba hoda. Yarinya ta rasa na wa za ta ji.

Ranar da za a zaɓi waɗanda za su tafi gasa, Mai Gora ya rufe shago ya zo fili da gwangwanin hoda a aljihu. Gurbi ɗaya ya rage. In Auta ta haye karan abokiyar takararta ta kasa, ta samu; in ta kasa sau uku an wuce da wata.

Koci na hango shi ya ɗaure fuska.

"Yaya, famfon wa ya fashe a nan?"

"Na bakinka. Na zo in toshe."

"To ka zauna can bayan waya inda iyaye ke zama."

"Kai, yaro, ina tsalle kana yawo ba wando. Da hannuna na sha share maka majina."

"An gode. Amma zamanin gora ya wuce, sai dai a yi rumfa da ita."

Mai Gora ya koma bayan waya yana huci, sai dai ya zaɓi daidai inda 'yan tsalle ke fara gudu. Da aka kira Auta, ta ɗan saci kallon kawunta, ta miƙo tafin hagu ta cikin wayar kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Uban ya barbaɗa hoda, har da hurawa.

Ta sheƙo, ta kafa sanda, hannu ya zame sama sumul. Sanda ta ƙi lanƙwasa yadda ya kamata, ta miƙe da ita rabi, ta dawo da ita. Ko kusa da karan ba ta je ba, ta faɗo a gefen katifa.

Koci ya iso ya kama hannunta ya shinshina.

"Ƙamshin amarya nake ji! Yaya, biki ka kawo ta ko tsalle?"

"Gudunta ne bai kai ba. Kai ka kashe mata ƙafa da surutu."

"Hannunta ka kashe! Kai ne ba ka taɓa haye abin da ya fi katangar makaranta ba, kana so ka gadar mata."

Wannan magana ta shiga Mai Gora har ƙashi, don akwai gaskiya a cikinta. Ya ce wa Koci mai kan kwano, Koci ya ce masa tsohon bututu, har alƙalin fili ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga murya waje zai yi.

A karo na biyu Auta ta so ta faranta wa kowa. Ta zame hannun rabi, ta tuna kawu, ta tsaya, gwiwar hannu ta noƙe, sanda ta bugi ƙirjinta. Ta ɗebo karan da cinya suka faɗo tare. Ta daɗe a kan katifa tana dafe da haƙarƙari.

Wannan karon Mai Gora ya juya wajen da ake fara gudu. Idonsa na kan yarinyar da ta biyo bayan Auta, wata siririya mai kitso biyu. Ya so ƙwarai ya ga ta faɗi. Amma ido na tsohon ɗan tsalle ne, ba ya yi wa mai shi ƙarya: hannun hagunta na nan daram, a miƙe sama da goshi, sanda ta tanƙware ta ɗauke ta kamar tsumma. Da ƙyar dugaduganta suka taɓo karan ya faɗi. Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa, ya sake shi ya faɗi ƙasa.

Aka kira Auta karo na ƙarshe. Ta zo bakin waya, ido ya yi ja, ta miƙo tafin.

"Baba, yi sauri."

Ya riƙe hannun. Ya kama gefen rigarsa ya goge tafin tas, har tsakanin yatsu. Sannan ya ɗaga murya ba tare da ya juya ba.

"Kai, mai kan kwano! Miƙo ƙazamin danƙon nan naka."

Koci ya buɗe baki zai yi magana.

"Ka ce uffan in dawo da hodata."

Koci ya haɗiye maganarsa ya miƙo. Mai Gora ya shafa mata da babban yatsa yana yatsina fuska kamar mai taɓa kashin kaza.

"Inda kika ɗora shi, nan zai kwana. Ki tura sama, kada ki kawo min gwiwar hannu ƙirji. Je ki."

Ta sheƙo. Sanda ta shiga rami, hannu ya zauna, sanda ta lanƙwashe har Mai Gora ya runtse ido ɗaya don ya ɗauka karyewa za ta yi. Ta cilla Auta sama, cikinta ya shafi karan, ya yi rawa, ya yi rawa, ya zauna. Alƙali ya ɗaga farar tuta, alamar ta haye. Siririyar ta zo ta kayar da nata, gurbi ya zama na Auta.

Koci ya juyo yana washe baki.

"To, Yaya, yanzu wa ya yi gaskiya?"

"Wa ya shafa danƙon?"

"Na waye danƙon?"

"'Yar waye?"

Auta ta ɗauki jakarta ta wuce ta tsakaninsu, babu wanda ya lura. A ƙofar fili ta tarar da uwarta, wadda ta biyo sawu ta tsinci gwangwanin hodarta a ƙasa bayan waya, tana jujjuya shi, tana jiran mijinta ya fito.