Ɓargon Ja'afaru

Baraka, wata 'yar unguwarsu, ce ta ɓata komai, kuma da kyakkyawar niyya. Tun daga unguwar Jarwal ta nan Makka ta ɗauko ƙafa ta zo dubiya, da kwanon farfesu wanda aka karɓe tun a bakin ƙofa, domin ɗakin da Ruƙayyatu take ko ƙuda ba ya shiga. Ta tsaya bayan gilashi, ta ɗauki wayar da ake magana da majinyaci, ta jero sannu ta kai goma. Mutanenmu kuwa ba su iya dubiya baki a rufe ba, sai an haɗa da labari. Ta ce ai duk unguwa ana ta sa wa Ja'afaru albarka, ɗan'uwa rabin jiki, kwana biyar yana shan allura kafin a ɗebi abin da za a dasa mata.

Ruƙayyatu ta saki wayar. Mijinta Mukhtaru ce mata ya yi wani bawan Allah ne da ba a sani ba ya bayar. Ashe ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shekara tara ke nan ko sunansa ba a ambata a gidanta.

Ciwon dajin jini ne ya kawo ta. Kwana bakwai ana ɗura mata maganin da ke kashe ɓargo don a dasa wani. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ko ruwa ta haɗiya sai ta ji ɗanɗanon tsatsa. Bayan azahar za a yi dashen. Da ta ce ta fasa, likita bai ɓoye mata ba: ɓargonta ya riga ya mutu, in ba a saka wannan ba da wuya ta kai mako biyu. Ta ce ta ji, a bar ta. Gara ta tafi da jikinta haka da ta tashi da jinin wannan ƙazamin yana yawo a cikinta.

Kada ku ce taurin kai ne. Innarsu ta zo umara ta zauna ba takarda, tana wajen Ja'afaru a unguwar Ka'akiyya, lokacin shi ma ba shi da iƙama, wato takardar zama. Ta rasu Ruƙayyatu tana Madina wajen dangin miji. Tsoron kada a kama shi a mayar gida, sai ya naɗe uwar da ta haife shi a zanin gado, ya ajiye a gindin katangar wani masallaci, ya ranta a na kare. Hukuma ta binne ta ba suna. Waya ɗaya ce da ya buga, mijin yayarsa ɗan ƙasa ne, da an yi wa tsohuwa sutura kamar kowa. Sai bayan kwana uku ya faɗa. Tir da wannan hali.

Mukhtaru ya yi magiya ta waya har ya gaji, sannan ya je ya kira Malama Saudatu. Ita ce murshidar sashen, wato malamar da asibiti ya ɗauka ta riƙa zama da majinyata tana kwantar musu da hankali. Haifaffiyar Makka ce, Hausarta rabi Larabci. Kullum da hantsi takan shigo cikin riga da takunkumi da safar hannu, su yi zaman da take kira zaman tausayi. A rufe ido, a bi numfashi a hankali. A kawo wanda ake so a zuciya, a dubi wahalarsa, a roƙa masa sauƙi. Sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai sharar ɗaki. Na uku wanda ya cuce ka. Ruƙayyatu kullum a na biyu take tsayawa, ta ce barci take ji.

Yau ta shirya wa wa'azi. Ta san za a karanto mata haƙƙin zumunci, har ta tanadi amsa mai zafi. Malama ta ja kujera ta zauna, ta kira ta da sunan ɗanta kamar yadda Larabawa suke yi.

"Ummu Fahad, ban zo nema wa kowa yafiya ba. Mu yi zamanmu, bas, shi ke nan."

Ruƙayyatu ta rufe ido don kawai a rabu da ita. Da aka ce ta kawo wanda take so, Inna ce ta zo, ba a kan tabarma tana tsinkar zogale ba, a gindin katanga, rana ta fito, mutane suna kewaye ta suna toshe hanci. Amai ya taso mata. Malama ta tara mata roba, ta riƙe mata goshi har ta gama, ta ba ta ruwa ta kurkure baki. Ba ta ce su tsaya ba. Ta tsallake mai shara ta tafi kan na uku. Ta ce ba a ce ta so Ja'afaru ba, ta dube shi kawai, ta nema masa abu guda ɗaya wanda bakinta zai iya faɗa ba ƙarya.

Ta dube shi. Ga shi nan da ƙaton wuyansa da idanun nan na matsorata, yana waige-waige. Tausayi bai zo ba, ko ɗigo. Ƙyama ce kawai. Ta gwada roƙa masa lafiya, harshe ya ƙi. Arziki, Allah ya kiyaye. Aljanna kuwa ba yau ba. Ta daɗe tana lalube, Malama tana zaune ba ta ko motsi, har aka kira azahar. Can dai ta samu guda, ta fitar da shi ta tsakanin haƙora.

"Allah kada ka sa a yar da gawarsa a titi."

Malama ta ce amin. Sannan ta tambaya a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Wa yake da shi a Makka da zai karɓi gawar?"

Ruƙayyatu ta buɗe ido. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Abokansa duk irinsa ne, masu gudu in sun hango motar 'yan sanda. Ta ƙirga dangi, ta sake ƙirgawa, lissafin bai wuce mutum ɗaya ba, ita kanta, shi ma in ta rayu. Haushi ya kama ta, na Malama, na Ja'afaru, na bakinta da ya yi addu'ar.

Ta ja wuyan rigar asibiti, ta fito da bututun da ke ƙirjinta.

"Kira likitocin."

Aka rataya 'yar jakar ɓargon, ruwan ciki ja wur, ɗakin ya ɗauki wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ta kawar da kai ta rufe hanci da gefen mayafi. Ta ce a gaya wa Mukhtaru in wancan ya zo kada a bar shi ya leƙo gilashin, ita gawarsa kawai ta yi alkawarin karɓa.