Tukunyar Iskar Baba Duba-gari

"Fitar min da ita," in ji Baba Duba-gari, yana nuna tukunyar iskar walda da muka gangaro har bakin gadonsa.

Mai Walda ya goge gumi. "Haba Yaya! Iska ai iska ce. Wadda nake yanka ƙarfe da ita, ita ce ta asibiti. Fenti kawai suka sauya."

Iskar oksijin ɗin da likita ya ɗora shi a kai ta kusa ƙarewa, ga 'yarsa tana hanya, sai gobe za ta iso. Ita kaɗai ta rage masa, kuma ya ce yana so ya gan ta. Kamfani ɗaya ne ke da lasisin cika tukunyar marasa lafiya, layinsa kuwa har titi.

"Ka san abin da ke cikin taka? Tsatsa, datti..." Tari ya sarƙe Baba. "Don mutane aka yi dokar nan."

"Don masu kamfani dai! Su suka rubuta ta, gwamnati ta sa hannu, don kada ƙanana irinmu su taɓa kasuwar."

Maƙwabtanmu ne su biyun, tun ina yaro suke wannan musu a ƙofar gidanmu. Baba ya yi aikin duba gidajen burodi da mayanka har ya yi ritaya, Mai Walda kuwa sau biyu ana rufe masa shago. Da na bar makaranta kowa ya ce na lalace, ban da Baba. Shi ya sa min suna Alƙali, in sun kaure sai ya ce in raba su, kuma ya saurare ni har ƙarshe.

"Alƙali, me ka ce?" ya tambaya da ƙyar.

"Baba, ni dai ka yi numfashi."

"To ɗauko babur ɗinka."

Mai Walda ya hau bayana yana zagin kamfanin har muka isa. Cikin rana ya tsaya a layin, ya yi ta roƙon mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa marar lafiyar yayansa ne, har suka bar mu muka wuce gaba. Shi ya rungume tukunyar a hanyar dawowa, yana min tsawa a kowane rami.

Da ya ɗaura ta, Baba ya ja numfashi mai tsawo, ya shafa hatimin da ke wuyanta.

"Ka gani?"

"Na ga ɓarayi masu hatimi," in ji Mai Walda, yana gyara masa matashi.

Washegari da hantsi 'yar ta iso. Ya gane ta, ya riƙe hannunta, har ya yi mata faɗan ramewa. Bayan la'asar ya cika.

Muna tsaye a ɗakin, muna jin hucin iskar da ke fita a banza. Mai Walda ya durƙusa, ya sa hannunsa mai tabon wuta, ya murɗa makunnin a hankali har ta yi shiru. Bai tashi daga wurin ba.